Layin Dogon Traian

Da Traian ya mutu, ya bar mata ɗaya, riguna masu kyau biyu, da layin dogo da ya haɗa garin Brașov da teku. Layin dogon yana cikin wasan kwamfuta. Tun da ya yi ritaya yake gina shi, kuma jiragensa ba su taɓa makara ba, abin da gwamnati ba ta taɓa iyawa ba.

Ana gobe sadakar arba'in ƙanensa Ovidiu, tsohon malamin lissafi, ya zo da filashin kwamfuta a aljihu. Rodica, matar marigayin, ta riga ta wanke kayan da za a bayar sadaka, ta goge kwamfutar da ruwan tsami. Wata maƙwabciya za a ba, wadda ta ce za ta share komai ta zuba hotunan jikokinta.

Ovidiu ya duba inda aka girka wasan, babu ajiyar layin dogon. Sai da ya buɗe ɓoyayyun jakunkuna a ƙarƙashin sunan Traian ya same ta, ɗan fayil wanda bai kai nauyin hoto ɗaya ba.

"Me kake cirewa, Farfesa?" in ji Rodica daga bakin ƙofa.

"Ba cirewa nake ba, matar yaya. Kwafi zan yi."

"Abin da aka bayar sadaka shi ke isa wurin mamaci. Ka yi biyu, wanne zai je masa?"

"Duk ɗaya ne. Ko ɗigo babu bambanci."

"Haka aka ce mini a kanku ku biyu, na duba na zaɓi shi."

Ya yi mata bayani da cokula, ya sake yi da kofuna. Ta saurara kamar yadda ɗalibansa suka saba, sannan ta dafa filogin kwamfutar.

"Layin dogo ɗaya ya gina, ɗaya za a bayar. In kana so, ka kwashe shi gaba ɗaya, gobe in ba ka sadaka da hannuna. Amma a coci, da kyandir."

Rabon Ovidiu da coci tun ranar auren Traian da Rodica, kuma ko a ranar a waje ya tsaya yana shan taba. Ya yanke fayil ɗin ya zuba a filashi, yana zufa, don duk mai hankali ya san ba a barin ajiya a wuri ɗaya tak. Rodica ta karɓe ta jefa cikin jakarta, tsakanin makullai da maganin hawan jini.

Washegari ya tsaya a layi bayan tsofaffin mata. Ta miƙa masa dafaffiyar alkama, kyandir mai ci, da filashin ɗaure da sabon tawul.

"Don ran Traian," ta ce.

Ya amsa ƙasa-ƙasa, ita kuwa ba ta saki tawul ɗin ba.

"Ban ji ba, Farfesa."

"Allah Ya karɓa," in ji Ovidiu da ƙarfi, har limamin cocin ya waiwayo.

Sannan ta saki tawul ɗin.