Kwalba Shida a Tsamiyar Kwance

Mahbuba ce ta rubuta tsarin da hannunta, shi ya sa da abin ya faru ba ta samu wanda za ta ɗora wa laifi ba.

Tana aiki a Gumel, a ofishin wata ƙungiya mai kula da ƙananan asibitoci tara a ƙauyukan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Kafin zuwanta, wani direba ne ke zagaya su a babur duk mako yana kwaso bayanan magunguna a filas ɗin kwamfuta. Ita ta zauna wata uku ta haɗa abin da ya hutar da kowa. Kullum ƙarfe bakwai na safe kwamfutar Gumel za ta shiga kwamfutar kowane asibiti ta intanet, ta umarce ta ta ƙirga maganin da ya rage, sannan ta janyo fayil ɗin lissafin. Ba sa hannun kowa. Aka yaba mata, aka daina zagaye.

Wata Alhamis a tsakiyar damina, da hantsi, wayar ofis ta yi ƙara. Muryar namiji ce.

"Sunana Mannir, daga wajen Ɗanzomo. Kububuwa ta sari matata Rakiyya shekaranjiya a gonar gyaɗa. Mun yi na gida, bai ci ba. Yau jini ke fita ta dasashinta. Don Allah ina ake samun allurar?"

Mahbuba ta duba allo. Akwai a Gumel, amma da nisa. Asibitin ƙungiyar na Tsamiyar Kwance ya fi kusa da su, kuma ga shi a rubuce, kwalba shida, da kwanan watan ranar.

"Malam Mannir, kada ku ɓata lokacin zuwa Gumel. Ku tafi Tsamiyar Kwance, akwai shida."

"Kin tabbata, Hajiya? Hanyar ba kyau."

"Ga shi ina gani a gabana."

Bayan azahar Ummulkhair, ma'aikaciyar jinyar asibitin, ta kira ta.

"Wa ya turo min mutanen nan? Yau sati biyar ba ni da allurar maciji ko ɗaya!"

"Shida nake gani a nan."

"Sun ƙare tuni. Na shigar a kwamfuta. Ni ina nan ina jiran ku aiko, na ɗauka kuna gani."

Mahbuba ta ce a juyo da su hanyar Gumel. Ta roƙi motar ofis ta fita tarbarsu da allurar. Amma ruwa ya cinye hanya, sai da aka ɗora Rakiyya a amalanken shanu kafin a fito titi. Motar ta same su gab da la'asar. An yi mata allurar a gefen hanya, ba ta kai Gumel da rai ba.

Washegari Mahbuba ta buɗe tsarin tana bin sa layi-layi. Ba ta daɗe ba ta gano. An kai kwamfutar Tsamiyar Kwance gyara, mai gyaran ya sauya wa ma'ajiyar bayanan wuri. Tun daga ranar, umarnin ƙirga yake faɗuwa kowace safiya. Ita kuwa ba ta sa tsarin ya tambaya ko aikin ya yiwu ba. Sai ya janyo tsohon fayil, ya buga masa kwanan wata sabo. Saƙon kuskuren yana nan a wani fayil da ba wanda ke buɗewa, layi talatin da shida, duk iri ɗaya. Da ta bincika sauran, ta tarar da wasu asibitoci biyu su ma haka suke.

Shugaban ofis ya ce ta rubuta a rahoto cewa matsalar sabis ce. Ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ta sa hannu. Ya karanta, ya jefa a durowa.

Ranar sadakar uku ta je gaisuwa. Ta zauna cikin mata, ta ga 'ya'yan Rakiyya huɗu, ƙaramar ba a yaye ta ba. Da za ta tafi ta sa aka kira mata Mannir zaure.

"Ni ce wadda kuka yi waya da ita. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Kwananta ne ya ƙare."

Ta yi masa bayani gwargwadon yadda zai gane. Ba ta ɓoye komai ba. Ya saurara kansa a ƙasa, yana murza bakin rigarsa.

"To na ji," ya ce. "Allah ya riga ya rubuta. Sai dai, Hajiya, da cewa kika yi ba ki sani ba, Gumel zan nufa."

Wasu masu gaisuwa suka yi sallama, ya tashi ya fita wajensu. Mahbuba ta rage ita kaɗai a zauren.