Kabewa ko Ƙanƙara

Wanne ya fi sauƙi Musulmi ya tsinci kansa a ciki, bikin fatalwa ko bikin Kirsimeti? Kwana uku ke nan Alhaji Kassimu yana juya wannan tambaya, kuma a safiyar Larabar nan, saura kwana goma a kama azumi, yana zaune a ɗakinsu na unguwar Waziriyya a birnin Jidda da hotuna biyu a gabansa, bai matsa ko taku ɗaya ba.

Ɗansu Souleymane ne ya aiko da hotunan daga Faransa. Duka na wuri ɗaya ne, wani katafaren filin wasa a wajen birnin Paris. A na farko an fafe kabewa an yi musu idanu da haƙora, ga ƙwarangwal na roba suna reto a jikin fitilun hanya. A bayansa an rubuta: ƙarshen Oktoba, bayan ƙaramar salla. A na biyu wata doguwar bishiya ce cike da ƙwayayen lantarki, ƙanƙara ta rufe kan gidaje, wani tsoho mai farin gemu da jajayen kaya yana ɗaga hannu. A bayansa: Disamba, kafin babbar salla. Lokutan nan biyu kaɗai suka rage a bana da za a rufe makarantar Rafi'u, jikansu mai shekara bakwai, wanda ba su taɓa gani ba sai a hoto. Yau kuma mudir, wato manajan wurin aikinsa, yake jiran amsa, domin sai kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya sa hannu a takardar fita da dawowa kafin a je neman biza.

"Alhaji, shayinka ya huce," in ji matarsa Hajiya Zeinabou, tana tsintar shinkafa a faranti.

"Hajiya, dubi nan. Wannan shaiɗanu ake kwaikwayo. Wannan kuwa bikin addinin wasu ne. Ta ina mutum zai shiga?"

"Ta ƙofa, kamar kowa."

"Ba wasa nake yi ba."

Ta jawo hoton farko ta kai shi kusa da ido. "Ni abin da ya dame ni kabewar nan. Tukunyar taushe nawa ke nan aka ɓata?"

Wayar hannu ta yi ƙara a kan talabijin. Ta duba lambar, ta miƙa masa. "Yaron nan ne." Ɗan fari ne, ba ita ba shi, ba mai kiran sunansa. Amma muryar da ta fito ba ta Souleymane ba ce, siririya ce, Hausarta na tuntuɓe da Faransanci.

"Alo, Kaka! Ina matata?"

"Matarka? Kai da ko wando ba ka iya ɗaurawa?"

"Na iya! Kaka, ji. Akwai wani jirgi a can, yana juyewa sau uku, kai a ƙasa ƙafa a sama. An auna ni, tsayina ya kai. Papa yana tsoro, Mama tana tsoro. Ni na gaya wa 'yan ajinmu kakana ne direban jirgin mutuwa a Jidda. Kujerar gaba za mu zauna, ni da kai."

"To, to. Allah ya kai mu."

"Idan ka rufe ido, Hajiya ta zama tawa!"

Hajiya ta yi dariya har shinkafa ta zube. Alhaji Kassimu ya yi tasa dariyar, gajera, ya ce a gaida mutanen gida, ya kashe wayar.

Yaron bai yi ƙarya ba. Shekara sha tara ke nan Alhaji Kassimu yana aiki a wani malahi, filin wasan yara da ke bakin teku, kuma a kan jirgin da Larabawa suke kira jirgin mutuwa yake. Shi ke zaunar da yara, ya sauke musu ƙarfen kariya, ya ja bel ya tabbatar ya kama, ya dafa kan wanda yake rawar jiki ya ce, "La takhaf, kar ka ji tsoro, ina nan." Sannan ya koma ɗan ɗakinsa ya danna koren maɓalli. Ya san kukan kowace taya. Ya san lokacin da sarƙa take son mai tun kafin injiniya ya sani. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: bai taɓa hawa ba. Bai taɓa ce wa jikan ya hau ba, gaskiya ne. Ya dai bar shi ya ɗauka haka, kuma ya daɗe yana tambayar kansa ko akwai tazara tsakanin wannan da ƙarya, ko kuwa ƙaryar ce ta sa farar riga.

Bayan sallar azahar ya tare Malam Na'ibi a ƙofar masallacin unguwa. Tela ne ɗan Abeche, shi ke jan salla idan liman ba ya nan. Alhaji ya zaro hotunan daga aljihu ya shimfiɗa matsalar dalla-dalla, da hujjojin kowane ɓangare, kamar mai gabatar da ƙara.

Malam Na'ibi ya gyara tabarau. "Za ka yi wa kabewar sujada?"

"Subhanallahi!"

"Za ka shiga coci?"

"A'a."

"Me zai kai ka?"

"Jikana."

"To sada zumunci ne. Ka yi sallarka a kan lokaci, ka duba abin da za ka ci, ka dawo mini da turare."

"Amma Malam, ba ka ganin barin tafiyar ya fi tsantseni? Ko Hajiya ta tafi ita kaɗai?"

Malam Na'ibi ya dube shi ta saman tabarau. "Alhaji, mutane suna zuwa wurina su roƙi in halatta musu abu. Kai ne na farko da ya zo yana roƙo in haramta masa." Ya sa takalmansa ya nufi shago.

Da ya koma gida ɗaukar abincin da zai tafi da shi, ya tarar Hajiya ta baje wata rigar sanyi a kan gado, sabuwa, da ledarta ta wani shago a Sharafiyya.

"Yaushe kika sayi wannan?"

"Ranar da hotunan suka zo. Me Malam ya ce?"

"Ya ce... maganar tana da faɗi."

Ta ɗaure kwanon abincin a tsumma ta miƙa masa, amma ba ta saki ba. "Alhaji, shekara talatin da biyar muna tare. Ƙwan fitilar ɗakin nan, wa ke hawa kujera ya canza shi?"

Ya ja kwanon, ta ƙi saki.

"Ni ce. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Amma ka bar kabewa da tsohon nan mai gemu su huta, ba su yi maka komai ba." Ta saki kwanon. "Ni dai zan je in ga mijina. In ka zo, ka zo."

Ya shiga motar ma'aikata. Suka bar Waziriyya, suka ratsa cunkoson tsakiyar gari, har iskar teku mai gishiri ta fara shigowa ta taga. Yana ta tunanin wata yarinya, shekaru da suka wuce, da ta riƙe hannun rigarsa yana ja mata bel, ta kira shi baffa da Larabci ta ce, "Ammu, kai ka taɓa hawa?" Ya ƙara jan bel ɗin, ya wuce kujera ta gaba.

Ba a buɗe malahi sai bayan la'asar. Kafin nan ana gwada jirgin sau biyu: zagaye ɗaya da jarkokin ruwa a ɗaure a kujeru, zagaye na biyu da duk ma'aikacin da ya ga dama. Ɗan'azumi, mutumin Gusau da suka shekara goma sha ɗaya suna aiki tare, yana cikin ɗaura jarkoki ya hango shi.

"Alhaji, yau fa? Ga kujera na share maka."

"Gwiwata, Ɗan'azumi."

"Jiya baya, yau gwiwa. Gobe kunne ne ko haƙori? Gaya mini in shirya."

"Gobe bakinka ne zai yi ciwo, in Allah ya yarda."

Kullum haka suke yi. Ɗan'azumi ya yi dariyarsa, Alhaji ya wuce ofis.

Mudir Abdulghaffar haifaffen Jidda ne, kakanninsa Hausawa, yana jin Hausa sarai amma idan zai yi ta sai Larabci ya riga shi fita. Ya turo takarda da biro.

"Ya Ammu Kassim, halas? Oktoba walla Disamba? Kafili gobe zai safar, zai yi tafiya, lazim yau."

Alhaji Kassimu ya zauna ya riƙe biron. A mota ya shirya abin da zai ce: a bar hutun, aiki ya yi yawa tsakanin salloli biyu, Hajiya za ta wakilce shi. Magana ce mai kyau, har yabo za a yi masa a kanta. Ta taga yana hango jirgin yana hawa da jarkokinsa, ƙas, ƙas, ƙas, ya yi 'yar tsayawar nan a ƙololuwa, ya faɗo. A ransa ya ga yaro mai shekara bakwai a filin jirgin sama yana leƙa bayan kakarsa, yana neman wanda bai zo ba. Ya ga ranar da za a koma makaranta, 'yan aji sun kewaye shi suna tambaya.

"Ammu?"

Ya rubuta: ashirin da takwas ga Oktoba.

"Mumtaz. Don me Oktoba? Sanyi ba yawa?"

"A'a. In na ce Disamba, wata uku zan yi ba barci. Wannan wata ɗaya da rabi ne."

Abdulghaffar bai gane ba, amma ya buga hatimi.

Da ya fito, jirgin ya dawo tasha, Ɗan'azumi yana kwance jarkoki. Wasu ma'aikata biyu 'yan Bangladash sun riga sun zauna a kujerun baya suna hira. Alhaji Kassimu ya hau dandamalin, ya cire hularsa, ya zaro waya da hotunan nan biyu daga aljihu, ya haɗa ya miƙa wa Ɗan'azumi.

"Riƙe mini."

"Ina za ka?"

Alhaji ya wuce shi. Ya ɗaga jarkar da ke kujerar gaba ya ajiye a ƙasa, ya tattare rigarsa, ya zauna. Kujerar ta fi yadda ya zata ƙanƙanta, ruwan jarkar kuma ya jiƙa ta.

Ɗan'azumi ya tsaya da hula a hannu, baki buɗe. "Gwiwar fa?"

"Ta warke."

Ɗan'azumi ya ajiye kayan a hankali. Ya zo ya sauke ƙarfen kariya, ya ja bel sau biyu kamar yadda Alhajin ya koya masa tun zuwansa. Sannan ya dafa furfurar kansa, ya sassauta murya.

"La takhaf. Ina nan."

"Ɗauke hannunka daga kaina ka je ka danna."

"Gobe ma za ka hau?"

"Kullum, har Oktoba. Kuma in Hajiya ta ji na yi ihu, daga bakinka ne. Yalla!"

Jirgin ya motsa. Sarƙa ta kama, ƙas, ƙas, ƙas, kukan da ya sani shekara sha tara, sai dai yau daga ƙarƙashinsa yake fitowa. Ya damƙe ƙarfen, ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Iska ta canza, ta yi sanyi. Jirgin ya rage gudu, ya gane sun kusa ƙololuwa. Ya tuna sharaɗin yaron.

Ya buɗe ido ɗaya. Ga teku shimfiɗe har ƙarshen gani, da jiragen ruwa jere suna jiran shiga tasha, ƙanana kamar na wasa. Sai ya buɗe ɗayan.