Dutsen da Ke Gindin Ɗorawa

…kuma har yanzu babu kowa a kai. Dutsen yana nan a gindin ɗorawa, daidai tagar majami'a. Kure ne babu. Fasto Ishaya yana sake leƙawa. An buga ƙarfe sau biyu. Shekara tara, kowace Lahadi, tsohon yana zaune a can da sandarsa, yana jin wa'azi ta taga. Bai taɓa tako ƙofa ba, bai kuma taɓa fashi ba. In gaskiya za a bi, ya fi dattawan ikilisiya zuwa sujada.

Mutum goma sha bakwai a kan benci. Har da Asibi, matar Ishaya, wadda ba a nemi shawararta ba.

Laraba motoci za su zo. Gwamnati ta taso daga Legas tana neman wurin zama, kuma duk faɗin ƙasar nan gonar doyar Kure ce ta yi mata. An shafa wa bangon majami'a jan fenti, alamar rusau. Wasu Karu, wasu Masaka… Kure zai bi 'yarsa can bayan Zuba. Wa zai buɗe masa taga a can?

Shi ya sa jiya — me ma ya kai shi? Ishaya ya tarar da Kure a gona yana haƙar doyarsa ta ƙarshe. "Baba, lokaci ya ƙure. Gobe ka shigo ciki, a yi maka baftisma kafin a watse." Har da riƙe masa hannu. Har da zancen mutuwa, ga mutumin da zai tafi ya bar kabarin uwarsa a ƙarƙashin kwalta! Tsohon ya zare hannunsa a hankali. "Malam, ka sake tonawa ke nan."

Sake…

Shekararsa ta farko, sabo fil daga makarantar Littafi Mai Tsarki, ya san Helenanci kaɗan, bai san doya ko kaɗan ba. Kure ya ba shi iri, ya ɗaga masa kunyar doya goma a bayan gida. Mako uku shiru. Ishaya ya tsuguna, ya sa yatsa, don dai ya gani ko tana da rai. Tana da rai. Farin tsiro, ɗan mitsitsi — ƙaras, ya karye a hannunsa. Kure yana tsaye a kansa. "To, ka gani. Yanzu hankalinka ya kwanta?"

Sau nawa ya yi wa'azi da wannan labarin? Naka shuka, girma na Allah ne, ku yi haƙuri, 'yan'uwa. Ana dariya, ana cewa amin. Wa'azi mai kyau. Ya kamata wata rana ya saurara.

Asibi ta ɗauki waƙa, muryarta na rawa. Ko nasa kunnen ne?

Ubangiji, in ya mutu a bayan Zuba fa? In Ka tambaye ni jininsa? Ai saboda ransa na yi… saboda ransa. Ba don Rabaran Abraham ba, mai kula da gunduma, da murmushin nan nasa: "Ishaya, shekara tara, har yanzu sha bakwai? Cocin ma'aikata a Garki sun kai ɗari uku cikin wata shida." Ɗari uku. A mota aka kawo su daga Legas, da baftismarsu da komai. Amma bai faɗa ba. Ya ce, "Muna addu'a, ranka ya daɗe."

Mutum na sha takwas. Abin da ya ji a bakinsa ke nan jiya, lokacin da yake riƙe da hannun tsohon? Ba Kure ba — sha takwas?

A'a. A'a… wataƙila.

Wani abu ya gifta ta taga. Ya waiga da sauri. Akuya ce, tana shinshinar dutsen.

Waƙa ta ƙare. Ido talatin da huɗu a kansa. Ya buɗe Littafi, bai ga layin ba. Ƙafarsa na so ta fita, ta bi hanyar rafi, ta je ta ba da haƙuri, ta duba ko — ta duba. Yatsa kuma, kamar a gindin doyar nan. Yana riƙe teburin da hannu biyu.

Ya juya fuskarsa wajen taga, kamar kullum, ya ɗaga murya yadda za ta kai gindin ɗorawa.

Waccan doyar da ya karya… ta sake tsirowa kuwa? Ya mayar da ƙasa ya rufe, bai ƙara bi ta wurin ba. Kure ne ya haƙe gonar a shekarar. Shi kaɗai ya sani.