Tokar da Aka Watsa wa Dankali

Tun Wilfried yana saurayi 'yan sikawut na barikin sojan Ingila da ke Jamus suke kunna wuta a bayan gonarsa, can gefen rafi. Yaran ba sa daɗewa. Da yaro ya iya ƙulla igiya sai a yi wa ubansa canjin wurin aiki, a kawo wani. Abu ɗaya ne bai taɓa barin Jamus ba, wato wani gwangwanin biskit mai hoton jirgin ruwa, cike da toka. Duk wutar da suka kunna sai su juye tsohuwar tokar a cikinta, in ta mutu su sake kwashewa. Ta haka wutar bana take ɗauke da ta farko. A rumbun Wilfried ake ajiye shi, kuma yakan buɗe haka kawai ya shinshina.

Sai aka ce za a rufe barikin. Sajan Pritchard, shugaban yaran, ya aiko cewa ranar Asabar za a yi wutar ƙarshe, kowane yaro a ɗiba masa toka ya tafi da ita gida.

Wilfried ya ɗauko gwangwanin, ya ji shi sakayau. Har wanke shi aka yi.

"Hannelore! Ina tokar nan?"

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Au, wannan dattin? Tun bazara na watsa wa dankali. Ba ka ga yadda ya yi kyau ba?"

"Tarihin mutane kika yi taki da shi!"

"Kai tsoho, ga murhu nan cike da toka. Cika musu, wa zai gane?"

Shi zai gane. Ya je ya zauna a bakin kunyar dankalin, yana kallon ganyen, yana tuna yaran da yanzu sun yi furfura a wasu ƙasashe. Can ya tashi ya ɗauko shebur.

Ranar Asabar da la'asar ya turo baro cike da dankali, ƙasa duk a jikinsa. Ya faɗa wa Sajan gaskiya, idonsa a kan takalminsa.

Sajan ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, sai ya fashe da dariya. "Dattijo, ashe tarihinmu ƙiba ya yi a hannunka! Yara, kada wanda ya wanke. A zuba a wuta yadda yake."

Aka gasa, aka ci da gishiri, bakin kowa baƙi ƙirin. Ɓawon da ƙasar suka koma toka, aka ɗiba wa kowa a leda. Ragowar kuwa, Sajan ya zuba a gwangwanin ya miƙa wa Wilfried.

Da ya koma gida ya hau kujera, ya ɗora shi can saman kabad, inda hannun Hannelore ba ya kaiwa.