Tsummokin Ladidi

Shekara takwas bayan samun mulkin kai, Badaru ya dawo Dakoro daga fataucin wake a Kano da wani kwali a ƙasan buhunsa. Garin sabulu ne, fari fat. Mai kantin ya gaya masa wannan ba irin na da ba ne, akwai abin da aka zuba a ciki mai cinye datti da kansa, ko jini ne ko tumbuɗi. Badaru kuwa mutum ne mai son a ce shi ya fara, tun daga tashar mota rabin gari ya sha labari.

Amma a yi masa adalci, ba don fariya kaɗai ya saya ba. Matarsa Mariama ta haifi 'ya mace, Ladidi, sati uku da suka wuce, bayan biyu da suka binne tun ba su iya zama ba. So yake komai na yarinyar nan ya fi na kowa. Ya ce a ajiye sabulun salo da uwarsa Rabi'atu ke dafawa da tokar kara da man gyaɗa, a riƙa wanke tsummokin jaririya da garin sabulun Kano.

Ranar farko mata suka taru kallon kumfa, tsummoki suka fita tas. Sai dai Dakoro ba garin ruwa ba ne. Rijiya sai an ƙulla igiya da igiya, kuma tun kaka da kakanni ɗauraya ɗaya ake wa wanki a shanya. Abin da Mariama ta yi ke nan. Bayanin da ke jikin kwalin, na a ɗauraye sosai, da Ingilishi yake, ko malamin lakwal, wato makarantar boko, Faransanci kaɗai ya iya.

Cikin kwana huɗu jikin Ladidi ya yi jawur, ƙuraje suka feso mata a baya da ciki da matsematsi. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Aka kira Mata, tsohuwar ungozomar unguwa. Ta jujjuya yarinya, sannan ta dubi uwar.

"Tatso nononki cikin ƙoƙon ga."

Mariama ta tatsa. Mata ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. Tururuwa ta ɗan yi mutsu-mutsu ta mutu, sai ka ce akwai wadda ta taɓa iya iyo.

"Kun gani? Nonon ga ya ɓaci," in ji Mata. "Shi ya ɗauke biyun hwarko. A hidda ta daga mama, a ba ta na akuya."

Mariama ta durƙusa gaban surukarta. "Inna, ku bar mani ita ko kwana biyu."

"Ɗiyata, biyu munka ruhe," in ji Rabi'atu tana share ido. "Ba ni iya ganin ta ukku."

Aka mayar da Ladidi ɗakin kakarta. Abin takaici, aiki ɗaya ya rage wa Mariama da za ta yi wa 'yarta, shi ne wanki. Sai ta sa ƙarfinta duka a kai, tana ƙara garin da hannu biyu don tsummokin su fi fita. Ƙuraje suka ƙaru. Nonon akuya kuma ya sa wa yarinya zawo, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta.

A kwana na goma sha takwas garin ya ƙare, Badaru yana kasuwar Sabon Maci sayen wake. Rabi'atu ta miƙa wa Mariama curin sabulun salo, ta ce ta yi maneji kafin ya dawo. Kwana uku ƙuraje suka fara bushewa. Kafin sati fatar ta yi sumul.

Rabi'atu ba jahila ba ce, ta lissafa kwanakin a ranta. Ta kira Mariama ta kama hannuwanta ta duba: duk sun tsage, tsakanin yatsu ya saɓule. Kunya da baƙin ciki suka rufe tsohuwa. Ba ta aika wa Mata ba, ba ta jira ɗanta ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko yarinya.

"Ungo ɗiyakki, ba ta mama. Ba ke ce ba, garin sabulun ga ne. Mu munka zalunce ki."

Mariama ta zauna a bakin ƙofa, ta sa ta a ƙirji. Ladidi ta kama da sauri, ta ja, ta sake ja, ta saki ta tsala kuka. Aka juya ta ɗaya ɓangaren, nan ma haka. Mariama ta matsa da tsagaggun yatsunta, ta ƙara matsawa, ko ɗigo bai fito ba.

"Inna," ta ce a hankali, "ya ƙahe."