Layin da Ya Yi Baƙi

Wiebke na tsaye a bakin injin da ke jijjiga tiren gwaji, tana yi kamar safar hannu take nema, sai abokiyar aikinta Gesine ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Safar na aljihunki. Matsa can, kin san ba a yarda ki taɓa jinin mijinki ba."

"Wa ya ce zan taɓa? Kallo nake."

"Kallon ma daga nesa."

Shekara goma sha shida suna aiki tare a ɗakin gwaje-gwajen nan na asibiti a garin Leer, kuma gwajin ba baƙonsu ba ne. Zirin takarda ne siriri, an jera masa abubuwa ashirin da kan tayar wa mutum da asma ko borin jini, kowanne da layinsa. A jiƙa shi da ruwan jinin mai ciwo, a wanke, a zuba maganin launi. Duk abin da garkuwar jiki ta ƙulla gaba da shi, layinsa zai yi baƙi.

Onno, mijin Wiebke, gidan burodi gare shi, gadon ubansa. Shekara biyu ke nan yana tari, ƙirjinsa na shaƙewa. Ita kuwa tuni ta yanke hukunci cewa fulawa ce, ta sa shi gaba da mita safe da yamma kan ya bar wa ƙanensa Hauke wurin. Da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda aka ɗebi jinin.

Gesine ta zaro zirin da hantsaki, ta shimfiɗa shi ya tsane. Ta duba shi, ta juyo wajen Wiebke.

"Zo," ta ce. "Amma ban nuna miki komai ba, kin ji ko?"

Layin alkama fari fat. Na yis ɗin burodi ma haka. Can ƙasa layi ɗaya ya yi baƙi ƙirin, na gashin doki.

Wiebke na da goɗiya, Fenna, shekara goma sha tara suna tare. Kullum daga aiki barga take wucewa, ta goge ta, ta dawo gida da gashi a riga, ta zauna dab da Onno tana yi masa wa'azi a kan fulawa.

"A sake. Ƙila bai wanku ba," in ji Wiebke.

"Layin tabbatarwa ya fito ras. Ke kika koya mini karanta shi, yau kuma ban iya ba? In sake sau goma, doki zai fito sau goma. Likita zai faɗa masa ranar Alhamis, kafin nan ki kama bakinki."

Kunya ta rufe Wiebke, ga haushin kanta, ga tsoron rabuwa da dabbar. Duk da haka da aka tashi aiki bargar ta nufa. Ta goge Fenna fiye da kullum, ba ta hau ba.

Ta iso gida ana yayyafi. Onno ya tashi daga barcin rana ya haɗa shayi, ya buɗe mata ƙofa yana gyaran murya.

"Na soke ganin likitan nan," ya ce. "Fulawa ce, na yarda. Gobe zan ba Hauke makullan gidan burodin, ki huta da mita. Shigo mana, shayi na hucewa."

Ba ta shiga ba. Nan a kan dakali ta cire rigar bargar, ta naɗe ta, ta ajiye nesa da ƙofa. Onno ya dubi rigar, ya dubi matarsa.

"Gesine da baki," ya ce.

"Kai ka sani?"

"Tun bara nake zargi. Makon da kika je wurin yayarki a Bremen, ko sau ɗaya ban yi tari ba."

"Shi ne za ka ba da makullan ubanka, ka ci gaba da shaƙewa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Burodi Hauke ma ya iya gasawa. Ke fa wa zai gasa miki wata Fenna?"

Ta zauna a kan jiƙaƙƙen dakalin, ta fara kwance igiyar takalmi.

"Kira asibitin su mayar maka da Alhamis ɗinka," ta ce. "In ka gama ka ba ni wayar. Akwai matar da ta daɗe tana roƙona in sayar mata da Fenna."