Gidan Katako a Bakin Mekong

Shekara arba'in da biyu Thongdy ya yi yana noman mangwaro a bayan garin Darwin, can ƙetaren teku nesa da ƙasarsu, amma zuciyarsa ba ta taɓa sauke kaya ba. Kullum tana ƙauyensu na Laos, a gidan katakon mahaifinsa mai dogayen ƙafafu a bakin kogin Mekong, inda uwarsu ke turara shinkafa mai danƙo da sassafe, ƙanshin ya biyo tsagin katako ya tashe su. Duk abin da aka ajiye masa sai ya ce na gida ya fi. Matarsa har ta rasu tana yi masa tsiya, wai kogi ya aura, ita wanki kawai aka kawo ta yi.

Bayan rasuwarta ya shirya ya tafi ƙauyen. Ya tarar an rushe gidan, an malala siminti ana wankin motoci, kuma ba wanda ya san sunan mahaifinsa. Kwana tara ya yi ya juyo. Tun daga nan ya daina shiga gona, abinci ma sai an yi da gaske.

Yayarsa Bouasone ta gaji da kallonsa haka, ta sa shi a mota sai gidan ibadarsu na mabiya Buddha. Babban malamin wurin, Ajan Khamtan, abokinsa ne tun suna yara, kwalekwale ɗaya ya tsallakar da su kogin Mekong shekarar da suka gudu daga Laos. Thongdy ya durƙusa, ya haɗa tafin hannu, ya zayyana masa komai.

"Ajan, ba na son komai sai in ƙara hawa matakalar gidanmu sau ɗaya."

Malamin ya yi murmushi. "Matakalar da kake zama a kai muna yara kana ce min ƙauyen ya ishe ka, kai dai a kai ka inda jirgin sama ke sauka? Buddha ya kira wannan abu ƙishirwa. Kana can kana jin ta nan, ka zo nan kana jin ta can."

Ran Thongdy ya ɓaci, ya tambaya ko so ake ya manta da uwarsa. Malamin ya ce a'a, shi ma har yau wasu ranakun yakan ji muryar tasa uwar tana kiran agwagi, har idonsa ya cika. Yakan bar abin ya zo, ya zauna, ya tafi da kansa. Tunawa ba ta ciwo, in ji shi, cewa lallai sai abin ya dawo ne ke cin mutum.

Suka zauna a inuwa suna lissafa maƙwabtansu na da, gida bayan gida. Da suka zo kan mai fiton da ya tsallakar da su, kowa ya tuna haƙorinsa guda na gaba, amma sunan ya ɓace musu. Suka yi ta musu har Bouasone ta ce duk tsufa ya cinye su.

Kewar ba ta bar Thongdy ba, sai dai ta daina hana shi cin abinci. Duk Asabar yakan kai wa Ajan Khamtan abincin safe, su ɗan taɓa hira kafin malamin ya koma shararsa.